Masu Tafiya Karatu Waje a Bagega

Tun yajin aikin ASUU na 2022, wanda ya cinye wata takwas, kowane teburin mai shayi a Bagega ya samu nasa ɗan tafiya waje.

Gwanina shi ne Na-kusa-tafiya. Fasfo a aljihun gaba, inda kowa zai hango korensa. Ka ce masa ina kwana, ya ce maka dala ta tashi. Rigar sanyi ya saya a gwanjo yana zumbulawa ana tsakiyar bazara, wai jiki ya fara sabawa. Yukren ya fara ambata, Rasha ta afka mata. Ya juya Sudan, yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, aka kwaso ɗalibanmu a bas-bas ta iyakar Masar. Yanzu dattawa roƙonsa suke don Allah kada ya ambaci Madina, akwai masu niyyar Hajji. Ya yi sallama da kawu, ya yi da gwaggo, kowa ya ba shi na shan ruwa a hanya. Har ni na ba shi, bisa sharaɗin ya tambayo mini ko suna ɗaukar masu furfura.

Akwai Ɗan Maraɗi, da ya tsallaka Jibiya ya dawo yana gaida kakarsa da Faransanci. Ɗan Kwatano ya tafi da azumi, ya dawo babbar sallah da digiri. Bakinsa ya mutu tun Janairun 2024 da gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo. Mai jiran sikolashif kullum sunansa na jeri na biyu. Sai Alhajin da rami ya ba shi zinare, ya rantse ɗansa sai likita a Indiya, yaron da ko yankan kaza ba ya iya kallo.

Wanda ba ya ba ni dariya shi ne dillalin gurbin karatu. Ya zo da takardu masu ƙyalli, ya ce Sayifurus ai Turai ce, aiki na jiran yaro. Ba zai ce arewacin tsibirin ba ne, yankin da Turkiyya kaɗai ta amince da shi, kuma ba da naira ake biya ba. Uba ya sayar da shanu, wayar dillali ta daina shiga. Yaran nan fa su ne suka tsira daga gubar dalmar da ta afka wa Bagega a 2010, da ƙyar aka raine su.

Alhaji, kafin saniya ta bar turke, a tura wani Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ya tambayo ko sun san makarantar.