Masu Neman Eks

Da zarar an ji ƙishin-ƙishin ranar jarabawar shiga makarantun kimiyya na Kano, irin su Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da aka buɗe tun 1977, sai 'yan aji uku na ƙaramar sakandare su shiga farautar wani harafi wai shi eks. Kowa kuma da irin tasa farautar.

Akwai Mahaddaci. Shi ya sauke tambayoyin shekarun baya kaf, har da lambar shafi. Ka ce masa 2x + 3 = 11, kafin ka rufe baki ya ce 4. Ka mayar da 11 ta zama 15, ya sake cewa 4, yana yi maka kallon wanda ya ɓata tambaya. A wurinsa eks ɗin nan huɗu ne tun ran gini tun ran zane, ba ya ganin dalilin da zai sa ya koma shida.

Sai Ɗan Fasa-ƙwauri, wanda ya fi kowa yawa a aji. Malam ya faɗa har muryarsa ta dushe: lamba in za ta tsallaka alamar daidai, dole ta sauya riga, mai tarawa ta koma mai ɗebewa. Shi kuwa ta ɓarauniyar hanya yake haurar da ita da kayanta na gida. x + 5 = 12, ya rubuta 17, ya ja layi biyu a ƙasa da rula. Abin haushi, masu shirya jarabawa sun san da zamansa. Cikin zaɓin amsoshi za ka tarar an ajiye masa 17 ɗinsa, ya gani ya yi murmushi, ya fito yana cewa ai lissafin bana ruwa ne.

Mai Shiri ba ya ɗaukar lokaci. Ya sayi New General Mathematics, ya yi masa bango da takardar siminti, ya zana jadawalin karatu da biro kala uku ya manna a bango. Gobe zai fara.

Ɗan Canki-canka ya riga ya yanke shawara tun daga gida: C zai bi daga sama har ƙasa, rabo ya rantse. Ni dai ban cika ganin laifinsa ba, don ƙiris ya rage ya zama gwani. Da zai ɗauki amsoshin ya riƙa cusa su ɗaya bayan ɗaya a gurbin eks, wadda ta daidaita ɓangarorin biyu ita ce. Wata yarinya da ke zama a layin baya haka take yi wa kowace amsa tata kafin ta wuce gaba, ba ta ɗaga hannu a aji, kuma ba a taɓa jin ta ce jarabawa ruwa ce ba.

Na ƙarshe ba ɗalibi ba ne, Baba ne, ɗan kasuwar Kantin Kwari, wanda a zamaninsu shi ke zuwa na ɗaya (duk iyayenmu na ɗaya suka yi, ban san wa ya riƙa zuwa na biyu ba). Ka nuna masa 2x + y = 400 da x + y = 300, sai ya tuna bai yi shafa'i da wutiri ba. Amma fassara masa: biro biyu da littafi ɗaya naira 400, biro ɗaya da littafi ɗaya naira 300.

"Biro ɗari, littafi ɗari biyu," in ji shi, ko ɗago kai bai yi daga lissafin atamfa ba. "Wannan ne ake biya wa kuɗin lesin? Kai, tsaya ma tukuna. A wane shago ake ba da littafi ɗari biyu yanzu?"