Yadda Za Ka So Jarumi Ba Tare Da Ka Zame Masa Ciwon Kai Ba

Suleja a bakin hanya take. Ɗan fim ko mawaƙin da ya taso daga Kano ko Kaduna zai shiga Abuja a mota, sai ya gifta ta gefenmu, ya wuce Madalla da Dutsen Zuma. Saboda haka ɗan'uwa mazaunin Suleja, ba abin mamaki ba ne wata rana ka tsaya gidan mai ko wajen mai tsire ka yi kiciɓis da fuskar da ka saba gani a wayarka. Gara ka shirya tun yanzu.

Fara da sallama, kamar yadda aka koya maka a gida. Kada ka daka tsalle ka cafke masa wuyan riga kana ihun "Wallahi shi ne!" Ya san shi ne. Kada kuma ka ce, "Haba, ba ka gane ni ba? Ni ne fa mai sa maka hoton wuta a ƙarƙashin kowane bidiyo." Kai ka yi shekara goma kana kallonsa, shi kuwa yau ya fara ganinka, kuma gilashin waya ta gefe ɗaya ake gani. In kana son hoto, nemi izini, ka ɗauki ɗaya. In ka rufe ido a ciki, ƙaddararka ce, ka rungume ta. Ba sai ka kira gwaggonka ta bidiyo ta gaisa da shi ba, sannan matarka, sannan maƙwabcin da kuka yi musu da shi, tsiren bawan Allah yana sanyi a takarda. In kuma mugu yake fitowa a fim, kada ka yi masa faɗa. Marayun da ya cinye wa gado suna nan lafiya, tare suka ci abincin rana a wajen ɗauka.

Sai maganar kuɗi, wadda ta fi damuna. A zamanin Mamman Shata, mai sauraro ne ke zura hannu aljihu ya yi wa mawaƙi kari, ya ba shi riga, wani ma ya ba shi mota. Yau abin ya juya. Jarumi zai sa hoton ɗaurin auren ƙanwarsa, kafin a ce "Allah ya sanya alheri" sau uku, lambobin asusun banki sun cika wajen. Wannan zai biya kuɗin haya, wancan zai ƙara aure, wani jari yake nema, kuma in ba a amsa ba gobe ya dawo da "Allah ya isa, mu muka ɗaukaka ka." To malam, zauna mu yi lissafi. Fim ɗin da kake taƙama ka kalla, a wajen mai turi ka karɓa a ɗan katin waya, ka tura wa mutum bakwai kyauta. Ko sisi bai isa hannun wanda ya sha rana ya yi shi ba. A 2022 Ladin Cima, wadda ta tsufa a harkar, ta shaida wa BBC Hausa cewa 'yan dubbai kaɗan ake ba ta in ta fito a fim, har maganar ta tayar da ƙura a Kannywood. Babbar rigar da ka gani a jikin Alhajin fim da katafaren gidan da yake zaune, sau da yawa na aro ne. Gaskiya akwai masu hali kuma masu hannun kyauta, irin Ahmed Musa ɗan ƙwallo. Amma kyauta sunanta kyauta, ba a aiko ka karɓar haraji ba.

In kana son ganin yadda ake ƙaunar mai fasaha, ciro naira ashirin ka juya bayanta. Ladi Kwali ce, wadda ta shiga cibiyar ginin tukwane ta garin nan na Suleja a 1954, lokacin ana kiransa Abuja. Sarki Sulaimanu Barau ya ga aikinta ya burge shi, sai ya sayi tukwanenta ya ajiye a fada, a can Bature Michael Cardew ya gan su. Masoyi ke nan: ya ga abu mai kyau, ya biya.

'Yar'uwa, ke ma da ke nake, musamman kan tambayar nan ta "Yaushe za ki yi aure?" Jarumar tana da uwa da uba da baffanni, kuma sun riga ki tambaya. In ta yi auren, kada ki fara ƙirga mata watanni. In auren ya mutu, ba a kafa kwamitin bincike an sa ki shugaba ba. Kai kuma saurayi mai mafarkin aurenta, riƙe kuɗinka da kyau. A 2022 wani mutum ya kai Hadiza Gabon kotun shari'ar Musulunci a Kaduna, yana cewa ta yi masa alkawarin aure kuma ya kashe mata kuɗi, ita kuwa ta ce ba ta ma san shi ba. Duk "jarumar" da ta bi ka Facebook da tsakar dare tana kiran ka masoyi, tana neman katin waya na dubu biyu, akwai alamar gemunta ya fi naka tsawo.

Nasiha kuwa ba a hana ka ba, addini ma ya umarce ka da ita, amma tana da ladabi. A Nuwamban 2020 Rahama Sadau ta sa hotunan da suka ɓata wa jama'a rai, ta cire su, ta fito a bidiyo tana kuka tana neman gafara, amma wasu suka ci gaba da zagi har da iyayenta. Wanda ya zagi uwar wani bai yi wa'azi ba, zunubi ya ɗauka. Akwai Hukumar Tace Fina-finai ta Kano, akwai ƙungiyar MOPPAN, akwai kotuna da malamai. In ka ga kuskure, faɗi maganarka da harshen da za ka iya maimaitawa a gaban mahaifinka, ka yi addu'a, ka ajiye waya.

Inda kake da cikakken haƙƙi shi ne aikin. In labari ya yi sanyi, faɗa. In shiri mai dogon zango ya koma jan rai, a kwashe mako uku mutum yana tuƙa mota bai isa gida ba, yi ƙorafi da babbar murya, ina bayanka. Amma in jaruma ta bar shiri, kamar yadda Nafisat Abdullahi ta bar Labarina, ba amanarka ta ci ba. Sana'a ce, kai ma ka taɓa barin shagon wani ka koma na wani.

Daga yau in sabon fim ya fito, nemi tashar masu shi a YouTube ka kalla a can, ka daure wa talla ta ƙare. In kuma ka ji ana neman taimako wa wani tsohon ɗan wasa da ke kwance ba lafiya, wanda ya sa ka dariya tun kana yaro, tabbatar da sahihancin labarin, sannan a wannan karon kai ne za ka nemi lambar asusunsa.