Ire-iren Masu Zuwa Ɗaukar Hoto a Dajin Falgore

Hanyar masu yawon buɗe ido daga Kibiya da Rano zuwa kudancin Kano sananniya ce. A bi ta Rurum, a yada zango a madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, sannan a nausa ta Tudun Wada zuwa Dajin Falgore, wanda titin Kano zuwa Jos ya ratsa. Masu ƙarfin gwiwa kan zarce har duwatsun Riruwai a Doguwa, inda aka daɗe ana haƙar kuza. Faɗin dajin ya kai kusan murabba'in kilomita 1,000, kuma akwai kaɗanya da marke da birai da zabin daji. Sai dai halittar da ta fi saurin ganuwa a cikinsa ita ce ɗan Adam riƙe da waya, kuma shi ma jinsi-jinsi ne.

Mafi yawansu su ne 'yan salfi. Ana gane ɗan salfi da cewa kullum bayansa yake bai wa abin da aka zo gani. Ya iso Tiga, ruwa shimfiɗe iya ganin ido, sai ya juya masa ƙeya, ya karkata hula, ya ɗaga waya. A hoton da zai fito, fuska ce ta cinye fili, ruwan kuwa ɗan tsiri ne a bayan kunne. Da za a tambaye shi launin ruwan, sai ya duba waya tukuna.

Sai mai babbar kyamara, wadda bakinta ya kai tsawon taɓarya. Wannan ba ya ɗaukar hoto sai ya kwanta rub da ciki a kan dutse, ya yi ta murɗe-murɗe yana cewa a yi shiru. Kafin ya gama saiti burtun da yake hari ya yi tafiyarsa, domin burtu ba ya jiran kowa. Yakan ɗora laifin a kan haske: da safe bai isa ba, da rana ya yi yawa, da hunturu kuma hazo ne. Yaron da ke ɗauke masa jaka kan samu hoton tsuntsun da tsohuwar wayarsa mai fasasshen gilashi, kuma ladabi kan hana shi nunawa.

Jagora jinsi ne na musamman, kuma ya cancanci dogon bayani. Yawanci dattijo ne da ya ce ya yi farauta a ƙuruciya. Babbar ƙa'idar aikinsa ita ce kowace dabba jiya ta wuce. Idan aka ce, "Baba, akwai ɓauna kuwa?" sai ya girgiza kai: "Kai, Alhaji, da jiya kuka zo!" Zai tsuguna a bakin rafi ya nuna sawu, ya auna da tafin hannu, ya sassauta murya. Sawun na shanun Fulani ne, shi ma ya sani, mai tambayar ma wani lokaci ya sani, amma an biya kuɗin mota daga Kibiya, ba a komawa hannu rabbana. Sai a ɗauki hoton sawun. Adalci dai shi ne a faɗa cewa ba don shi ba, rabin tawagar ba za su gane hanyar komawa mota ba.

Akwai mai neman sabis, wanda ke hawa kowane dutse, ba don kallo ba, sai don wayarsa ta kama. Shi ne ya fi kowa ganin daji daga sama, kuma bai lura ba.

Matsoraci kuwa tun daga Rano yake ba da labarin ɓarayin shanu. Fargabarsa tana da tushe, domin dajin ya yi ƙaurin suna a wasu shekaru, kuma mai hankali ba ya kutsawa ciki ba tare da sanin hukuma ba. Amma shi ko ƙadangare ya motsa ganye sai ya yi salati ya kama ƙofar mota. Hotunansa duka ta tagar mota aka ɗauke su, gilashi a rufe. Abokin zamansa shi ne mai guzuri, wanda ya ɗauki tafiyar a matsayin walima: gurasa, dambu, rake, fura a kula. Birai sun fi kowa saninsa, kuma shi kaɗai suke matsowa kusa da shi, lokacin da hannunsa duk mai ne, ba halin taɓa waya.

Na ƙarshe shi ne Zan-turo-maka. Wayarsa ta fi ta kowa kyau, don haka shi ake tsayawa a gabansa a jere, a gyara riga, a ce ya ƙara ɗaya. A hanyar dawowa zai karɓi lambar kowa. Bayan mako guda ba data, bayan wata guda waya ta cika, bayan sallah kuma an sace ta a kasuwar Rano.