Jinyar Baƙar Honda a Gyallesu

A Gyallesu akwai masu mota, akwai kuma masu jinyar mota. Na biyun su ne masu baƙar Honda. Fentinta laushi gare shi, ko harara aka yi masa sai ta bar tabo. Da rana ta haska, sai ka ga siraran zane sun kewaye bonet kamar saƙar gizo-gizo. Aikin tsumman wanki ne. Ya kwashi yashi, aka yi ta murza shi.

Magani? Bokiti biyu, ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraya. Tawul na musamman, wanda uwargida ma ba ta isa ta taɓa ba. Sai injin gogewa, mai kankare saman fentin kaɗan-kaɗan har zanen ya ɓace. A rage fenti don a ceci fenti ke nan.

Tun hantsi Alhaji ke tsugune da tocila, rana tsaka, yana farautar tabo. Sai la'asar ya miƙe, ƙugu na ƙara.

Ita kuwa ƙurar hunturu tun daga Bodele ta ƙasar Chadi ta taso, ba wanda ya gaya mata an sha wahala. Kafin Alhaji ya kai unguwar Kongo ta sauka a kan motar. A Tudun Wada wani yaro ya sa yatsa ya rubuta "a wanke ni" a kan but, har ya ja layi biyu a ƙasa.