Mas'alar Lasifikoki Shida

Bamingam, Ingila.

Zuwa ga taubashina kuma bawana na gado, Malam Habu, sarkin masu kwance rediyon da bai lalace ba.

 Ina nan lafiya, aiki yana tafiya, sanyi ya kama gadan-gadan, saƙon da ka sani na aika ta hannun wanda ka sani, maganar filin nan kuwa a bar ta yadda Kawu ya yanke. Ka gaya wa Inna yajin ya iso. Wannan ke nan, sai abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Mutanen ƙasar nan suna da wata kasuwa da ke ci ranar Lahadi a fili, inda kowa yake buɗe bayan motarsa ya baje tarkacen gidansa, kuma da yake yanzu duk sun koma kallon fim ta intanet, a nan wani dattijo ya sallama mini na'urar DVD da amfilifaya da lasifikoki shida a kan kuɗin da bai kai na cefane ba, har yana yi mini godiya. Wannan tarin kaya shi suke kira sinimar gida. Da a Kano na sauke kwalayen nan a ƙofar gida, kafin in sha ruwa yaran unguwa sun haɗa komai, kai kuma kana tsaye kana ba da umarnin da ba wanda ya nema. Amma a nan, inda mai gyara sai ya ba ka rana kuma ladansa ya ninka kuɗin kayan, ba ni da malami sai ɗan littafin da ya zo cikin kwalin, wanda na zauna na yi muɗala'arsa babi babi, fasali fasali.

Farkon abin da na tarar shi ne ihtilafi mai tsanani tsakanin mazhabobi uku na waya. Ta magabata tana da kawuna uku, rawaya na hoto, ja na kunnen dama, fari na kunnen hagu. Ta biyu, mai suna SCART, Faransawa ne suka assasa ta, kanta ƙato ne mai haƙora 21, kuma ba ya shiga kafarsa sai mutum ya durƙusa bayan talabijin yana lalube cikin duhu. Ta muta'akhirai ita ce HDMI mai haƙora 19, wadda take ɗauke da hoto da sauti a igiya guda. To, na'urata mabiyar Faransawa ce, talabijin ɗina kuwa ɗan zamani ne, ba ya karɓar ruwaya daga kowa sai HDMI, saboda haka dole na sayo wani ɗan akwati mai nasa fulogin ya zauna tsakaninsu yana sulhu.

Sha'anin sauti ya fi haka zurfi, domin ja da fari murya biyu kaɗai suke iya ɗauka, wanda kuwa yake son lasifikoki shida su yi magana kowace da bakinta, wajibi ne ya ja wata siririyar waya daga na'urar zuwa amfilifaya, wadda ba lantarki ke bi ta cikinta ba sai wani jan haske, ƙirƙirar kamfanin Toshiba tun 1983, sa'an nan ya shiga cikin saitin na'urar ya umarce ta da ta miƙa sautin ɗanye, amfilifaya ta yi rabon da kanta. Lasifika ɗaya tana zama tsakiya ƙarƙashin talabijin, ita ce mai maganar mutane. Biyu a dama da hagu. Biyu a bayan kujera. Ta shida, ƙatuwar da suke kira wufa, tana ƙasa a lungu, ba ta da aiki sai rugugi. Kowace waya ja ga ja, baƙi ga baƙi, in an saɓa sautin ya rame. Ina roƙonka ka karanta wannan fasali sau biyu, ko Allah ya sa ka daina liƙa waya da yawu da ledar burodi.

Da na gama, na sa wani fim na yaƙi bayan isha'i don gwaji. Wallahi Habu, da jirgi mai saukar ungulu ya taso, sai da na waiwaya, domin ta bayan ƙeyata ya bi. Da aka harba igwa kuwa, tagogi suka amsa, cokula suka yi tasbihi a kicin. Na zauna ina jin kaina kamar mai gidan sinimar Plaza.

Da asuba na tarar da takarda an turo ta ƙarƙashin ƙofa, kuma a nan ne mas'alar take. Gidajen unguwarmu a jere suke, na jan bulo, bango ɗaya ya raba ni da wata tsohuwa, wadda ashe ta halarci yaƙin nan tun daga farkonsa har aka ci garin. Ba ta buga ƙofa ba, ba ta ɗaga murya ba, ba ta aiko jika ba. Sai ta samo kati mai hoton furanni, ta fara da ba ni haƙuri bisa damuna da za ta yi, ta bayyana cewa mai yiwuwa kunnenta ne ya cika ji, ta tambaya ko zai yiwu, in babu takura, in duba lamarin, ta rufe da godiya a kan alherin da ban riga na yi ba. Ka duba fa, ni na hana ta barci, ita take neman gafara! Da hantsi muka haɗu a bakin ƙofa, na shirya jawabin uzuri, sai ta yi murmushi ta ce da alama za a yi ruwa, ta wuce.

Na bincika wajen waɗanda suka riga ni zuwa, suka ce kati mai furanni shi ne mataki na farko. Na biyu farar takarda ce ba fure, wadda a wurinsu daidai take da zare takobi. Na uku kuwa ma'aikacin ƙaramar hukuma ne da na'urar auna ƙara, domin suna da doka tun 1996 wadda ta ƙayyade dare daga ƙarfe 11 zuwa 7 na safe. Daga nan na fahimci abin da ya fi kowane babi na littafin nan wuyar fahimta, wato al'umma ce da mutum zai sayi lasifikoki shida, ya ɓata Asabar ɗinsa yana jan waya ƙarƙashin darduma, ya auna nisan kowace da kujerarsa, sa'an nan idan komai ya kammala ya rage murya har ta koma raɗa, ya kunna rubutun ƙasan hoto yana karanta abin da ya biya kuɗi don ya ji. Har maɓalli suka yi wa amfilifaya na musamman don dare, aikinsa ya danne tsawa ta zama tari. An ce akwai masu tsantseni da suke zama tsakiyar lasifikokin shida su toshe kunne da abin sauraro na mutum ɗaya, kuma ina zaton waɗannan su ne waliyyansu.

Kai kuwa, da lasifikarka guda mai fasasshen ciki da janaretan da ya fi ta murya, kana hana unguwa barci har bakin masallaci, ba wanda ya taɓa rubuto maka ko harafi. Tabarma suke ɗaukowa su zo, mai gyaɗa ta kafa tire, wanda ya riga ya ga fim ɗin yana faɗa wa jama'a abin da zai faru. Na gwada wannan sunna a nan. Na rubuta wa tsohuwar nawa katin, na gayyace ta kallo da shayi. Ta amsa da wani katin, ta ce ta ji daɗi ƙwarai, wata rana in an sami hali, wanda masana suka fassara mini da cewa har abada. Yanzu muna musayar wasiƙu ni da ita, alhali ina jin tarinta ta bango. Kujerar falona ta mutum uku ce. Wani lokaci nakan nemi fim mai hayaniyar kasuwa in sa, saboda lasifikokin baya suna sa ɗakin ya yi kamar da mutane a ciki.

Saboda haka ga buƙatata. Masu sana'ar faifan DVD sun raba duniya yanki shida, suka sa Ingila a na 2 tare da Saudiyya da Masar da Japan, Najeriya a na 5 tare da Rasha da Indiya, har faifai ma sai da biza. Amma faya-fayanmu na VCD na Ƙofar Wambai ba su san wannan shinge ba, kuma tsarin hotonmu da na Ingila ɗaya ne. Muryarsu biyu ce tak, sai dai akwai maɓallin da ke rarraba ta ga sauran lasifikokin, ka ga marigayi Ibro, Allah ya jiƙansa, zai kewaye ni ta kowace kusurwa, in kuwa dariya ta jawo farar takarda, na ɗauki ƙaddara. Ka buɗe kwalin nan da ke ƙarƙashin gadon Baba, ka zaɓo waɗanda ba ka kankare da farcenka ba, ka naɗe su cikin tsumma mai laushi, ka ba mai zuwa na farko. Kada ka ce za ka gwada su tukuna, na san hannunka.

Haza wassalam.

Ubangidanka,
Lawal