Jinjina ga Sarkin Gobe

Allah ya ja zamanin maigida tela, bajimin keke, uban almakashi, mai alkawarin da ba ya tsufa domin kullum sabo ake yi! Samari na ta zuba kuɗi a Harvard da makarantar kasuwanci ta Ɗangote a Jami'ar Bayero, alhali ga gwani a bakin layi yana ba da darasi kyauta, in ban da ɗan kafin alƙalami.

A fara da karamcinsa. Tun daga Sha'aban har daren ashirin da tara ga azumi, ba a taɓa jin ya ce wa mutum aiki ya yi masa yawa ba. Ina shi ina kunyata bawan Allah? Ka kawo shaddar Getzner da ka yanko a Kantin Kwari, wadda ta yi tafiya tun daga Ostiriya, sai ya shafa ta, ya yaba idonka, ya ce ranar Laraba. Wace Laraba? Wannan tambayar masu ƙaramar zuciya ce. Larabobi na Allah ne, ba sa ƙarewa.

Kamfanin Toyota na Japan ya yi suna da tsarin kawo kaya daidai lokacin da ake bukatarsu. Ranka ya daɗe ya wuce nan da nisa: shi sai bukata ta wuce yake kawowa, don kada ƙurar filin Idi ta ɓata maka sabon ɗinki. Wane Bajafane ne ya taɓa irin wannan hangen nesa?

Ga kuma tsoron Allah. Goman ƙarshe na shiga, wayarsa a kashe take, domin lokaci ne na ibada. Yaron shagonsa kuwa, horon da ya samu ya isa a aika ma'aikatan banki su ɗauko. "Yanzun nan ya fita, Alhaji," in ji shi, ido cikin ido, takalman maigida na ƙofa, tarinsa na fitowa daga bayan labule. Idan kuka yi kiciɓis, ba ya barinka ka tafi hannu rabbana, sai ya ba ka dalili mai kyau. NEPA ta zama PHCN tun 2005, aka sayar da ita a 2013, amma a bakin maigida tana nan da ranta, kullum tana ɗauke wuta. Abin al'ajabin shi ne kekensa Butterfly ne na ƙafa. Da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, sai ya ƙara kuɗin ɗinki saboda man janareta, janaretan da tawali'u ya hana shi nuna wa kowa.

Ana jingina wa Harry Selfridge, wanda ya buɗe kantinsa a Landan a 1909, zancen nan cewa mai saye shi ke da gaskiya. Bature ne, a yi masa uzuri, bai san awo ba. Maigida ya rubuta naka da alli a jikin bango, kuma bango ba ya ƙarya. In wando ya tsaya a ƙwauri, ya tsare ka daga jan tufa ne. In riga ta matse, kai ne ka yi ƙiba a cikin azumi. Yadi biyar ka kawo, huɗu suka dawo, na biyar ɗin kuwa ka gan shi ranar hawa a jikin autansa, ya yi masa kyau ƙwarai, ka samu ladan tufatar da yaro ba tare da riya ba.

Amma kambun ɗaukakarsa shi ne riƙe masu kawo aiki, abin da manyan kamfanoni ke kashe miliyoyi a kai. Mutum ya je Idi da rigar bara, ya yi rantsuwa da abin da zai kashe shi cewa shi da wannan shago har abada. Bayan kwana saba'in, ana jajibirin Babbar Sallah, ya karɓi kayansa, saura maɓalli kawai. Sha'aban na zagayowa sai ga shi da yadi a hammata, ya riƙo hannun ƙaninsa, yana cewa ai hannun maigida daban ne.