Tuwo da Miya Kuɗinsu Ɗaya, Nama Daban

Masu manyan jiragen ruwan shaƙatawa, irin waɗanda ke tashi daga Miyami ta Amurka su yi mako guda suna kewaya tsibiran Karebiyan, suna da wata dabara da suke ji da ita. Kuɗin tikiti ya haɗa da ɗaki da abinci, safe da rana da dare, ka ci iya cinka, babu mai ƙirga maka loma. Amma a cikin jirgin nan dai akwai wasu ɗakunan cin abinci na musamman, waɗanda in ka zauna a ciki sai ka sake sa hannu a aljihu. Kamfanin Royal Caribbean na da Chops Grille na gasasshen nama, Norwegian na da Cagney's. A jirgin Icon of the Seas, wanda ya fara ɗaukar fasinja a Janairun 2024, akwai ɗakin da aka buɗe a kan dala 200 kowane mutum, cin dare ɗaya. Abin kuma ba yau aka fara ba. Ko Titanic da ya nutse a 1912 yana da irin wannan ɗaki, wani Ba'italiye mai suna Luigi Gatti ke riƙe da shi, kuma 'yan ajin farko kaɗai ake bari su shiga su biya kuɗi a kan kuɗi.

Mu nan Adamawa rabonmu da jirgin ruwa na a-zo-a-gani tun zamanin da jiragen kamfanonin Turawa ke hawowa Binuwai da damina, su tsaya Jimeta su yi lodin gyaɗa da fatu, wasu su wuce Garwa. Yanzu sai kwalekwale. Amma dabarar can ba sai mun je teku za mu gan ta ba. Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Ngurore ranar Laraba, ya shiga rumfar mai abinci a bakin tike, wato kasuwar shanu, ya san dokar: tuwo da miya kuɗinsu ɗaya, nama daban. Tukunyar tuwo tana can baya a rufe. Ta nama kuwa tana gaba, dab da inda za ka tsaya, murfinta a karkace, tururi na duka maka hanci. Kana zama Adda, mai rumfar, za ta jefo maka tambayar da ta fi ta alƙali wuyar amsawa, kuma da ƙarfi, kowa na ji: “Tsoka nawa?” Daga nan ake gane kowa.

Akwai Malam Na-riga-na-biya. A jirgi shi ne wanda ya yi rantsuwa tun daga gida cewa ko sisi ba zai ƙara ba, don haka yana cin abincin tikiti sau biyar a yini, har da wanda ba ya so, saboda kada kamfani ya ci ribarsa. A Ngurore amsarsa a shirye take: “Zalla, Adda, zalla.” Sai dai zallar tasa tana da reshe. Ya ci rabin malmala zai miƙa kwano a ƙara miya. Ya kusa gamawa zai rage murya ya ce a ɗan ɗiga masa romo, ai romo ruwa ne. In aka ɗiga, sai ya leƙa kwanon ya ce ludayin bai kai ƙasa ba. Burinsa a duniya shi ne wata 'yar tsoka ta kuskure ta biyo romon, kuma ranar da hakan ta faru ba ya ɗaga kai, ba ya tauna da ƙarfi, sai ya tura ta ƙarƙashin tuwo ya haɗiye shaidar.

Kishiyarsa shi ne dillalin da ciniki ya faɗa a hannunsa. Tun daga bakin rumfa za ka ji shi, ya ture hula gefe, la'ada na motsi a aljihun gaba. Ba ya zama sai ya gaisa da kowa, har da waɗanda bai sani ba, domin yana bukatar shaidu. “Adda, me ya rage a tukunyar nan? Bindi? Kawo. Ƙafa? Haɗo da ita. Yaro, je ka karɓo balangu, ka ce in ji ni.” Tuwon ma ba ya taɓa shi sosai, gutsura biyu ya ture. Abin da ya saya shi ne juyowar da kawuna suka yi, kuma a ganina masu jirgi sun fi kowa fahimtar wannan ciniki. Abincin tikiti yana ƙosarwa sarai. Wanda ya shiga ɗaki na musamman ya biya ƙari, rabin kuɗinsa na nama ne, rabi na labarin da zai bayar gobe da safe. To amma ka dawo Larabar da ta biyo baya, in shanu sun yi kwantai, ka nemi dillalin nan. Za ka same shi a inuwar tirela, leɓe a bushe, carbi a hannu. Ka ce masa bismilla, ya ce yana azumi. Jama'a na yin nafila Litinin da Alhamis, shi tasa sai Larabar da babu ciniki.

Sai Sufeto. Wannan zai sayi nama, tsoka ɗaya tak, amma sai ya ga duk abin da ke cikin tukunya. “Ɗago wancan. A'a, na bayansa. Juya shi in gani. Wannan ai ƙashi ne aka sa wa riga.” Zai tambayi kuɗin hanta, da na tumbi, da na ƙoda, da na kifi, ya tambaya ko kifin na Binuwai ne ko na kankara, ya kawo tarihin yadda farashi yake kafin a cire tallafin mai a 2023. Layi ya taru a bayansa, tuwon wasu na hucewa. A ƙarshe ya zaɓi ganda. Bayan ya kai ta baki sau ɗaya kuma ya dawo da ita ya ce a canja masa, ta yi tauri.

Mai Likita ya fi ba ni nishaɗi. Dattijo ne mai kamala, an auna shi a asibiti a Yola an ce jininsa ya hau, a rage jan nama, a rage gishiri da maiƙo. Yana bin umarnin nan sau da ƙafa, kuma yana sanar da duk rumfa cewa yana bi. “Ni fa likita ya hana ni jan nama. Sa mini hanta, ita ai baƙa ce.” Tumbi fari ne, shi ma ya halatta. Ƙafar saniya ba nama ba ce, jijiya ce, har ma an ce tana gyara gwiwa. Ɓargo kuwa ai a cikin ƙashi yake, likita bai ambace shi ba. In ya tashi, kuɗinsa ya ninka na wanda ba a hana komai ba, sai ya ciro ƙwayar maganinsa ya kora da lemon kwalba, ya yi wa matasan da ke wurin nasiha a kan kula da lafiya.

Ɗan Rakiya ba ya sayen komai, ba ya kuma rasa komai. Hancinsa ya san lokacin da ake sauke farfesu a kowace rumfa daga tike har tashar motocin Mayo Belwa. Ba ya zuwa kafin a kawo abinci, kada a ce ya yi oda, ba ya zuwa bayan an cinye. Yana bayyana daidai lokacin da kwanon nama ya dira. “A'a, Hamma, ashe kana nan!” Ka ce bismilla, don ba ka da yadda za ka yi. Ya ce, “Alhamdu lillahi, yanzu na tashi daga kan abinci,” alhali hannunsa na cikin ruwan wanke hannu. Tuwonka ba ya cikin haɗari, ba ya taɓa shi. Tsokar da ka ajiye gefe don rufe baki, ita yake fara yi wa sallama.

Ɗan'uwansa na jini shi ne Mai Gayya, wanda ke jan mutum huɗu zuwa rumfa yana cewa kowa ya faɗi abin da yake so. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 masu abinci suka koyi karɓar kuɗi ta waya, shi kuma ya sami mafaka. Lokacin biya ya ciro waya, ya daddanna, ya ɗaga ta sama yana neman sabis, ya ce, “Na tura fa, bai shigo ba?” Adda ta duba ta ce babu alat. Ya ce bari ya je wurin mai POS. Waɗanda ya gayyato su ne jingina, suna zaune suna sakace haƙoran da ba su san su za su biya kuɗin abin da ya maƙale a ciki ba.

'Yan Jimeta masu zuwa yawon buɗe ido ba sa ɗaukar lokaci. Tsoka ɗaya, hoto goma sha. Wani ma kwanon maƙwabcinsa yake ara ya ɗauka ya sa a Facebook, ya mayar.

Wanda nake girmamawa shi ne direban tirela da ya gama lodin shanu zai kama hanyar Kudu, ta Numan ko ta Jalingo, kwana da kwanaki a kan kujera. Ba ya tambayar farashi, ba ya kallon kowa. Ya ɗaga yatsu huɗu, an zuba, ya ci, ya sa an ƙulla wa yaran mota nasu, ya biya, ya fita. Duk rumfar shi kaɗai ne ya sayi nama don yunwa.

Amma abin mamakin yana waje, bai ma shigo ba. Bappa ne, mai shanun kansa, wanda ya taso daga ruga tun asuba ya sayar da bijimi biyu. Kuɗin da ke ƙulle a jikinsa zai iya sayen rumfar da tukwanenta da bencinanta. Duk naman da ake rigima a kansa a ciki, daga garken irinsu ya fito. Shi kuwa ya sayi fura da nono wurin 'yan'uwansa mata, ya koma gefe inda ido bai cika kaiwa ba, ya juya baya ya sha, domin cin abinci a bainar jama'a abin kunya ne a tarbiyyar da ya tashi a ciki, balle a ce surukinsa ya wuce ya gan shi da ƙashi a baki. Saniya a wurinsa dukiya ce da ake kiwo, ba a yanka ta sai da dalili, suna ko biki ko babban baƙo. Ka ce masa akwai jirgin da ake biyan dala 200 don a zauna a ci nama a gaban baƙin fuska, zai yi shiru ya lissafa, sannan ya tambaye ka ko mutanen ba su da gida ne. Masu jirgi sun yi sa'a irin Bappa ba su cika hawa teku ba. Dillalin da ya ci la'ada a kan shanunsa yana ciki yana yaƙi da bindi, shi yana waje yana tunanin kuɗin dusa da allurar rigakafi.

Adda duk ta san su, ta kuma san abin da masu jirgi suka sani: tuwo shi ke kawo mutum, nama shi ke kawo riba. Shi ya sa ba ta faɗa da Na-riga-na-biya a kan romo, tana dai karkata ludayi yadda ko zare ba zai wuce ba. Sufeto tana riƙe da gandar da ya dawo da ita makon jiya a zuci, sai ta ba shi mafi tauri a tukunya. Mai Gayya kuwa ta daina zuba masa sai alat ya yi ƙara.

Rauninta ɗaya ne, la'asar. Nama ba ya son kwana, wuta kuma ba abin dogaro ba ce, don haka in kasuwa ta fara watsewa, tireloli sun tashi, farashi sai ya sauko, abin da ake sayarwa ɗaya ya koma biyu har da gyara. Jiragen ma haka suke yi, daren da ɗakunan nan suka rasa mutane sai ma'aikata su bi fasinja da tayin ragi. A nan ne nau'i na ƙarshe ke fitowa, Mai Jiran La'asar, wanda ya yini yana wucewa ta gaban rumfa yana auna tukunya da wutsiyar ido. Yanzu ya shigo da fara'a: “Adda, wannan dai ba kwana zai yi ba ko? Kawo in taimake ki.” A bayansa, in ka lura, ga dillalinmu mai azumi, ya ce a ƙulla masa na buɗa-baki a leda. Adda ta ƙulla, ta miƙa masa, ta ce, “Hamma, in za ka buɗe a bayan tirelar can, ka matsa ciki sosai. Makon jiya duk muna hangen ƙafafunka.”